Yadda za ka zaɓi sef ɗin ajiye bindiga idan da yara a gida

Ranar da na gaya wa uwargida cewa abokan aikina sun gayyace ni farautar kurciya a farkon Satumba, kuma ina son in sayi bindigar kaina maimakon aro, ko ɗago kai ba ta yi daga yankan albasa ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, a ina za ta riƙa kwana?"

Na ce saman wardirof, can ƙurya inda hannu ba ya kaiwa. Sai ta ajiye wuƙar ta tuna mini cewa a nan ɗin ne muka ɓoye alawar Sallah, kuma kafin a sauko daga idi babban yaronmu ya jawo kujera ya raba wa ƙannensa. Shekararsa tara a lokacin. Maganar ta ƙare a kan sharaɗi guda: sef zai riga bindiga shigowa gidan.

A bayan garin Houston muke zaune, a jihar Texas ta Amurka. Na yi kusan wata biyu ina zagayen shaguna da tambayar mutane kafin na saya, na yi kurakurai biyu ko uku, kuma tunda 'yan'uwa da dama a nan suna yi mini tambaya iri ɗaya, gara in rubuta sau ɗaya.

Kakana a ƙauyenmu na Katsina yana da bindigar toka da yake ratayewa a bango saman gadonsa, ba kwaɗo ba akwati. Amma waccan sai an ɗura mata albarushi an danna kafin ta zama bindiga, in ba haka ba sanda ce kawai, ga kuma kwarjinin tsoho da ya isa ya hana yaro leƙa ɗakin. Ta zamani harsashi ɗaya ake zura mata, yaron da ya iya buɗe waya ya iya ta. Dokar Texas ma ta san da haka. Sashe na 46.13 na dokar laifuka ya ce idan ka yi sakaci yaro ɗan ƙasa da shekara 17 ya kai ga bindiga mai harsashi a ciki, ka yi laifi. Idan ya harba har wani ya mutu ko ya ji mummunan rauni, hukuncin na iya kaiwa shekara guda a gidan yari da tarar dala 4,000. Kowace jiha da tata dokar, don haka ka fara duba ta inda kake.

Kafin ka taka shago, ka zauna ka amsa wa kanka tambaya ɗaya: daga wa nake kulle wannan abu? Akwai yara da baƙi, akwai ɓarawo, akwai wuta da ruwa. Masu sayarwa sun fi son su yi maka maganar ɓarawo da gobara domin nan kuɗin yake. Amma ɓarawo wataƙila bai taɓa zuwa ba har ka tsufa, yara kuwa kullum suna nan. Kuma gidan Bahaushe ba ya rabuwa da baƙi. Yau suna, gobe walima, jibi ɗan'uwa ya zo daga gida da iyalinsa za su yi wata guda, yara goma suna ɓuya a ɗakunan da kai kanka ba ka shiga ba tun safe. Idan kuɗinka bai kai na babban sef ba, kabad ɗin ƙarfe mai kulle da aka ɗaure a bango ya fi saman wardirof nesa ba kusa ba, ka saye shi yau ka tara na babban a hankali.

To, ka shiga shago. Abin da mai sayarwa zai fara yi shi ne ya wangale maka ƙofa, ya nuna maka kaurinta ya kai faɗin tafin hannu, ga sakatu masu sheƙi jere kamar haƙora. Ni ma na ruɗu. Sai wani dattijo mai gyaran makullai da ya zo duba wani abu a shagon ya ja ni gefe, ya ƙwanƙwasa gefen sef ɗin da bayan yatsa. Ƙarar da ta fito irin ta durom ce. Yawancin kaurin ƙofar nan allon farar ƙasa ne irin wanda ake bangon gidajen Amurka da shi, da iska, an lulluɓe su da siririn kwano. Abin tambaya shi ne gejin ƙarfen jiki.

Duk wanda ya taɓa ba mai walda aikin ƙofa a gida ya san geji, kuma ya san lissafinsa a juye yake: lamba na ƙanƙancewa, ƙarfe na ƙara kauri. Geji 14 bai cika milimita 2 ba. Geji 12 kusan milimita 2.7 ne, geji 10 kusan 3.4, geji 7 kuwa wajen 4.6. Sef masu araha da ake jibgewa a manyan shaguna galibi geji 14 ne, wasu ma 16, kuma gatari mai kyau yana huda su. A nawa ganin kada ka sauka ƙasa da 12, idan aljihu ya yarda ka hau 10. Idan takardar da ke manne a jiki ba ta faɗi geji ba, tana ta zuba maganar kaurin ƙofa da yawan sakatu, to da dalili.

Abu na biyu, ka buɗe ƙofar ka duba gefenta ko akwai tambarin UL mai ɗauke da haruffan RSC. UL kamfanin gwaji ne mai zaman kansa, ba shi ke ƙera sef ba. Ma'anar tambarin a matakin farko ita ce mutum ɗaya ƙwararre ya yi minti biyar yana fama da shi da kayan hannu, guduma da kurfi da sukundireba da ƙaramin ƙarfen ɓanɓara, bai samu shiga ba. Minti biyar. Da na ji haka sai da na yi dariya, na ce duk wannan kuɗin minti biyar zan saya? Dattijon ya ce ai duk sef lokaci yake sayarwa, babu wanda ba ya buɗuwa. Ɓarawon gida a gaggauce yake, ba ya son hayaniya, abin da ya ƙi buɗuwa da wuri barinsa yake yi. Akwai mataki na biyu na RSC mai minti goma da mutum biyu, sannan akwai masu tambarin TL-15 da TL-30 irin na masu shagon gwal, waɗanda nauyinsu da kuɗinsu sun wuce bukatar mai bindigar farauta ɗaya ko biyu. Ka kuma sani gwajin matakin farko bai haɗa da giranda ba. Don haka idan kana da ita a gareji, kada ka bar wa ɓarawo ita a fili.

Idan ba tambarin UL, akwai wani ma'auni da za ka iya riƙewa ko da ba a Kalifoniya kake ba. Jihar ta gindaya mafi ƙarancin abin da za ta kira sef ɗin bindiga: jiki geji 12, ƙofa geji 7 ko kuma falle biyu na geji 12, sakatu aƙalla uku masu kaurin rabin inci, makulli mai haɗin lambobi aƙalla 10,000, da farantin ƙarfe mai tauri a gaban makullin don hana huda shi. Na rubuta wannan a 'yar takarda na riƙa yawo da ita, ta kuwa rage mini surutun masu talla sosai.

Kan sakatu ba zan daɗe ba. Guda goma sha shida da aka maƙala a siririn ƙarfe ba su kai guda shida da aka kafa da kyau ba. Ka duba tsawon da suke shiga cikin jiki, ka duba ko akwai su ta ɓangaren hinji. In akwai, hinjin waje ba aibi ba ne, ko an yanke shi ƙofar ba za ta fita ba, kuma yana barin ƙofa ta buɗe gaba ɗaya. Ka rufe ƙofar ka gwada zura yatsa a tsakaninta da jiki. Inda yatsa ya samu wuri, ƙarfen ɓanɓara ma zai samu.

Makulli ne inda na fi shan wahala, kuma nan ne labarin yaron nan ya sake shigowa.

Iri uku ne a kasuwa. Akwai na murɗawa, mai faifan lambobi, wanda ba ya bukatar batir kuma yana shekaru aru-aru, sai dai yana da jinkiri, a duhu kuwa sai ka nemo tocila da tabarau, kuma canza lambarsa galibi sai an kira mai gyara. Akwai na dannawa mai batir, mai sauri, wanda za ka iya canza lambarsa da kanka cikin minti ɗaya. Sai na zanen yatsa. Na dannawa na ɗauka, mai tambarin UL shi ma. Batirinsa mai ƙarfin volt 9 ne, yana zaune ta waje a cikin madannin, don haka ko ya mutu sai dai ka sa sabo, lambar ba ta gogewa. Idan aka danna kuskure sau da yawa a jere yana kulle kansa na wasu mintoci.

Sati uku da kawo shi, muna cin tuwon dare, sai yaron ya ce, "Abba, in faɗa maka lambar akwatinka?" Ya kuwa karanto ta tsaf, lamba shida, ba kuskure ko ɗaya. Loma ta tsaya mini a wuya. Ashe sau biyu ya tsaya a bakin ƙofa ina buɗewa, ya ga inda yatsana ke zuwa, sauran kuma ya cike da kansa domin shekarar haihuwar auta na sa a ciki. Uwargida ba ta ce komai ba, kallona kawai ta yi, wanda ya fi magana zafi. A daren na canza. Tun daga nan ba na buɗewa sai na turo ƙofar ɗaki, na kashe ƙarar madannin, kuma ba na sa ranar haihuwa ko lambar gida ko ƙarshen lambar waya. Ka kuma tuna da yawa suna zuwa daga masana'anta da 1-2-3-4-5-6, akwai gidajen da har yau ba a canza ba. Idan za ka canza, ka yi ƙofa a buɗe, ka gwada sabuwar sau uku kafin ka rufe.

Na zanen yatsa an fi samunsa a ƙananan akwatuna na ƙaramar bindiga da ake ajiyewa kusa da gado. Ina ɗari-ɗari da masu araha cikinsu. A watan Oktoban 2023 hukumar kare masu sayayya ta Amurka, CPSC, ta sanar da janye kimanin 61,000 na wani kamfani, saboda mai shi zai ɗauka ya yi rajistar yatsansa alhali akwatin yana nan a yanayin da kowane yatsa zai buɗe shi. An kai ƙara kotu cewa wani yaro ɗan shekara 12 ya rasu ta dalilin haka. A 2024 an sake janye na wasu kamfanonin kan matsala makamanciyar wannan. Idan ka saya, bayan ka saita shi ka kira matarka ta ɗora yatsa, ka ɗora naka da ba ka yi wa rajista ba, akwatin babu komai a ciki, ka ga ko zai ƙi. Ka kuma gwada da jiƙaƙƙen hannu bayan alwala, domin da yawa ba sa karanta yatsa mai laima. Sannan ka ɗaga akwatin kaɗan ka sake shi a kan katifa ko ka buga gefensa. Wasu masu arhar, girgiza kaɗai tana sa harshen makullin ya ja baya. Kusan dukkansu suna zuwa da ɗan mabuɗin ko-ta-kwana, wanda in ka jefa shi a durowar gefen gado ka gama rushe aikin. Nawa ba ya kwana a gidan ma.

Maganar gobara tana da rikici, domin kowane kamfani da irin alkawarinsa. Za ka ga an rubuta minti 30 ko 60 ko 90 a zafin digiri 1,200 na ma'aunin Amurka, wato wajen 650 a namu ma'aunin, cikin kuma ba zai wuce 350 ba, kusan 177 ke nan, zafin da takarda ba ta kai ga ƙonewa ba. Tambayar da za ka yi ita ce wa ya yi gwajin. Idan UL ne ko Intertek mai tambarin ETL, da sauƙi. Idan kamfanin ne ya gwada kayansa ya ba kansa maki, ka rage wani abu a lissafinka. Ka duba akwai wani siririn zare manne a kewayen ƙofa, wanda ke kumbura idan ya ji zafi ya toshe hayaƙi. Fasfo da katin zama da takardun fili na gida kuwa, ni a cikin wani ƙaramin akwatin wuta na sa su, sannan na sa shi cikin babban.

Mu a Houston ruwa ya fi wuta ba mu tsoro. Wanda ya ga ambaliyar guguwar Harvey a Agustan 2017 ba sai an yi masa bayani ba. Zaren nan na ƙofa ba ya tare ruwa, ramukan ƙasa da ake ɗaure sef ta cikinsu ma ruwa na bi. Idan unguwarku tana cika, ka ɗora shi a kan dakalin siminti, takardu kuma su hau kanta ta sama.

Sai laima, wadda ita ce ta cinye ni a shekarar farko. Na ajiye bindigar cikin jakarta mai soso na rufe, na yi wata huɗu ban duba ba. Da na buɗe, ɗigo-ɗigon tsatsa sun fito a bakinta kamar ƙuraje. Soson yana riƙe laima, allon da ke tare wuta shi ma yana da ruwa a jikinsa, ga iskar garin da kullum kamar an tafasa ta. Maganin ba tsada: akwai 'yar sandar lantarki da ake shimfiɗawa a ƙasan sef tana ɗan ɗumama iskar ciki, don haka ka zaɓi mai ramin shigar waya a baya. In ba wuta kusa, gwangwanin ƙwayoyin shan laima ya wadatar, sai dai ka riƙa busar da su. Ka sa ƙaramin agogon auna laima a ciki, kada ta wuce kashi 50. A shafa wa ƙarfe mai, a ajiye shi tsirara ba jaka.

Girma kuwa, kada ka yarda da lambar da aka rubuta. Wanda aka ce yana cin bindiga 24, in ya ci rabin haka ba tare da suna gogar juna ba ka gode. Kuma sef ba ya zama na bindiga kaɗai. Sati bai cika ba sarƙoƙin gwal na uwargida suka shigo, sai takardun makaranta, sai kuɗin adashin da aka ba ta riƙo. Ka sayi wanda ya fi abin da kake tsammani, amma ka auna faɗin ƙofofin gidanka da kwanar lungu kafin ka biya.

Yanzu ga abin da mutane suka fi tsallakewa, alhali ya fi duk abin da na lissafa arha: ɗaure shi a ƙasa. Nawa ya haura kilo 250, na ɗauka nauyinsa ya isa. Amma mutum biyu ne suka shigo da shi da 'yar kura mai taya, mutum biyu kuma za su iya fita da shi haka. Ko ba su ɗauka ba, kwantar da shi suke yi rigingine su samu damar danna ƙarfe da dukan nauyinsu. Akwai kuma haɗarin da ya fi kusa: ƙofar ita ce mafi nauyi, in ta buɗe yaro ya yi lilo da ita, sef ɗin da ba a ɗaure ba zai iya kifowa kansa.

Wajen hudawa ka yi hattara. Gidaje da yawa a Texas an zuba daɓensu da igiyoyin ƙarfe da aka ja suka ɗame a cikin siminti, sau da yawa za ka ga an buga gargaɗi a daɓen gareji cewa kada a huda. Tsinka ɗaya daga cikinsu haɗari ne kuma gyaransa kuɗi ne mai yawa. Na biya mai na'urar dubawa ya zana mini inda suke kafin a huda ramuka huɗu. In a bene ne mai daɓen katako, sai dogayen kusoshin murɗawa su shiga cikin ginshiƙan ƙasa, ba falankin sama kawai ba, kuma ka tambayi masani ko wurin zai ɗauki nauyin. Mai haya ya nemi izinin mai gida. In ya hana, ƙaramin akwati mai igiyar ƙarfe da ake zargawa a ƙarfen gado ya fi babu.

Wurin ajiyewa, ka nemi kusurwa cikin ɗakin kaya, ɓangaren da ƙofar ke buɗewa ya jingina da bango, ta yadda mai ɓanɓara ba zai samu filin motsa ƙarfensa ba. Gareji ba wuri ba ne: ga laima, ga kayan aiki kusa, ga duk mai wucewa yana gani in an ɗaga ƙofa. Kwalin da ya zo a ciki ka yanka shi gunduwa-gunduwa kafin ka fitar bakin titi. Kuma ka danne zuciyarka kada ka riƙa jan baƙi kana nuna musu, wanda ka nuna wa amintacce ne, amma ba ka san inda labarin zai kwana ba.

Bindigar farauta ba ta shiga da harsashi a cikinta. Ina buɗe ta in leƙa da ido kafin in jingina, harsasai kuma suna cikin wani akwati daban mai nasa kwaɗon. Ka ɗauki hoton bindigar da lambar jikinta ka ajiye a wani wuri ba cikin sef ɗin ba. Ka kuma karanta takardar inshorar gidanka, ni a tawa iyakar abin da za su biya kan satar bindiga dala 2,500 ne. Wani ɗan sauƙi ga mazauna Texas: tun Satumban 2021 an cire harajin sayayya a kan sef da makullan bindiga, a nan kuwa harajin kashi 8.25 ne, don haka ka duba rasit.

Akwai maganar da ba mu cika son yi ba. Fiye da rabin mutanen da bindiga ke kashewa a Amurka kowace shekara, su ne suka kashe kansu. Zaman ƙasar nan yana da nauyi, matasanmu ma ba su tsira daga damuwa ba, manya haka. Idan wani a gidan ya shiga irin wannan hali, ko da kai ne, a canza lamba a ba wani amintacce, ko a fitar da bindigar daga gidan gaba ɗaya har Allah ya kawo sauƙi. Wasu shagunan bindiga suna karɓar ajiya. Lambar waya 988 kuma, ta taimakon masu damuwa da tunanin kashe kansu a Amurka, tana amsawa dare da rana.

Batir nakan canza shi duk farkon azumi don kada in manta, lamba kuma duk lokacin da baƙi suka tafi. Mu biyu muka san ta. Farautar farko kurciya uku na samo, abokan tafiya suna ta yi mini dariya, yara dai sun ci da yaji. Da daddare na goge bindigar na mayar na rufe, na kwanta. Can sai na ji uwargida ta tashi ta shiga ɗakin kaya, ta kama hannun sef ɗin ta jijjiga sau biyu, sannan ta dawo ta kashe fitila.